Buɗewar Italiya a darar ces: d4 nan take, ko a jira?

Malam Habu: Bayan 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.c3 Nf6 (a rubutun ces N doki ne, B bishof, R hasumiya, Q sarauniya, takun soja kuwa sunan gida kawai ake rubutawa; x na nufin ci, + barazana ga sarki), duk wanda ya taka 5.d3 tsoro ne ya kama shi. Me ya sa aka taka c3 in ba don a tura d4 ba? Sojoji biyu a e4 da d4, tsakiya ta zama ta Fari. Tun ƙarni na 17 Greco, gwanin ces ɗan Italiya, ya nuna haka.

Injiniya Bala: Malam, tsakiyar nan ba ta kwana. 5.d4 exd4 6.cxd4 Bb4+ 7.Bd2 Bxd2+ 8.Nbxd2, sai Baƙi ya taka d5. Bayan 9.exd5 Nxd5, sojan d4 ya rage shi kaɗai, babu ɗan'uwa a layin c ko na e da zai kare shi, ga doki ya kafa zama a gabansa.

Malam Habu: Wannan sai Baƙin da ya san hanya. Wanda ya janye 6...Bb6 fa? 7.d5 Ne7 8.e5, dawakinsa biyu an kore su kamar kaji.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, amma ba a gina buɗewa a kan kuskuren abokin karawa. A layin Injiniya ma, 10.Qb3 Na5 11.Qa4+ Nc6 12.Qb3, ana ta maimaitawa har a tashi canjaras. Mai 5.d3 bai haƙura da d4 ba, jinkirta shi ya yi. Yana ɓoye sarki da O-O, sai Re1, doki ya bi d2 da f1 zuwa g3. In e4 ya samu masu gadi, sannan d4 ya zo. A kula dai da Na5, inda dokin Baƙi ke kai wa bishof na c4 hari: a taka a4 ko Bb3 da wuri don bishof ya samu mafaka.

Malam Habu: To bayan 6...Bb4+, 7.Nc3 fa maimakon 7.Bd2, a sadaukar da soja?

Injiniya Bala: 7...Nxe4 8.O-O Bxc3 9.d5, harin Møller ke nan. Amsarsa sananniya ce: 9...Bf6 10.Re1 Ne7 11.Rxe4 d6, kuma Baƙi na riƙe da rarar soja ɗaya.

Hajiya Rabi: In dole sai d4, Malam, gwada 6.e5 maimakon cxd4. Baƙi zai amsa da d5, sai 7.Bb5 Ne4 8.cxd4. Nan d4 yana dafa wa e5, bai rage shi kaɗai ba.

Malam Habu: Wannan ma ai 5.d4 ne, Hajiya. Kin dawo layina.