Tambaya: me ya sa ake saka wa inabi ƙwayar halitta a lab maimakon haɗa iri ta fure?

Ɗalibin Gona:
Salam yan uwa. Yau a lakca malaminmu ya taɓo maganar saka wa inabi ƙwayar halitta a lab, abin ya tsaya min a rai wallahi, tunda ana iya haɗa iri biyu ta fure kamar masara to meye na wannan wahalar?

Malamin Tsirrai:
Wa alaikas salam ƙanina. Inabi ba kamar masara bane, in ka shuka ƙwallonsa ɗan da zai fito ba zai yi kama da uwar ba, shi ya sa da reshe ake dasa shi, irin su Thompson Seedless tun kaka da kakanni reshe ne ake ta yankowa. Kana haɗa shi da wani iri ka rasa ɗanɗanon da ake so, ga jira wajen shekara 3 kafin ma ka ga 'ya'ya. To dabarar ita ce a bar irin yadda yake a ƙara masa abu ɗaya tak, kamar juriyar cutar farin ƙura ta ganye. Ana amfani da ƙwayar cuta Agrobacterium, ita dama aikinta kenan cusa DNA ɗinta cikin tsiro har ya yi ƙullutu. Da ita aka yi waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR Zariya ta fitar a 2019. Amma fa wahalar inabi ba sakawar bace, raino ne, daga ƴan ƙwayoyin da aka ciro a fure a mayar da su cikakken tsiro, watanni ake yi kuma wasu irin sam basa yarda.

Maman Yara:
Malam kar ka manta mutane ma basu yarda ba. A Colmar ta Faransa cibiyar binciken noma ta INRA ta dasa gindin inabi 70 da aka saka wa ƙwayar halitta don a gwada juriyarsu ga wani bairos da tsutsar ƙasa ke yaɗawa, gindin kawai aka taɓa aka yi masa aure da reshe na asali kamar mangwaro, duk da haka a Agustan 2010 masu adawa suka shiga suka tumɓuke su. Abin yana min ciwo, aikin shekaru ya tafi ba a gama ganin sakamako ba.

Ɗalibin Gona:
Kai subhanallah. To inabin da ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna fa?

Malamin Tsirrai:
Na reshe ne kawai, wannan aikin har yanzu a lab da gonar gwaji yake.