Don Allah shawara: Abban yara ya ce ba zai sa kwat a jirgin ruwa ba

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, raina ne a jagule. Shekararmu 19 a Jidda, Abban yara bai taɓa yin hutu don kansa ba. Duk hutun da ya samu Kano ake tafiya, daga gaisuwar rasuwa sai biki sai gyaran gidan Hajiya, a dawo a gajiye. To bana babban ɗanmu ya fara aiki, ya yi ta tari bai faɗa wa kowa ba, sai ga shi da tikitin jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke tashi daga tashar Jidda ya zaga Bahar Maliya. Mu uku ya saya wa: ni da babansa da surukata, wadda ta zo Umara take wurinmu. Ranar da ya miƙa wa babansa takardar hannunsa har rawa yake, ni kuwa hawaye na yi.

A takardar an rubuta akwai dare ɗaya da suke kira daren gala, maza su yi shigar alfarma, sauran darare kuma ban da gajeren wando da silifas a babban ɗakin cin abinci. Hankalina ya tashi, na wuce Balad na saya masa kwat mai ruwan bula da laktayi, riyal 450, na auna da tsohon kaftaninsa. Da ya gani sai ya ce shekararsa 54 bai taɓa shaƙe wuyansa da igiya ba, ba zai fara a kan ruwa ba. Ko ya sa babbar rigarsa ta farar shadda, ko ya zauna a ɗaki. Yaron ya ji, tun jiya ba ya walwala. Saura kwana 9. Yaya zan shawo kansa?

Tsohon ma'aikacin jirgi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, shekara bakwai na yi ina hidimar tebur a jiragen fasinja. Ba shi za ki shawo ba, kwat ɗin za ki mayar. Abin da ake nema a daren gala shi ne mutum ya fito da mafi kyawun suturarsa. Kamfanonin Ingila irin su Cunard, da suka fi kowa tsauri a wannan harka, suna karɓar kayan gargajiya na ƙasar mutum, shi ya sa za ki ga ɗan Sikotlan da siket ɗinsa na gado ba mai ce masa uffan. Balle jirgin da ya tashi daga Jidda. Tun da jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar fasinja a nan a 2021, har zuwa Aroya na Saudiyya da ya fara a Disambar 2024, 'yan ƙasa da tobinsu da shimag, wato doguwar riga da mayafin kai na mazan Saudiyya, suke shiga. Babbar riga mai aiki da hula zanna ta fi kwat ɗin kanti nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata ki damu da shi guga ne. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba saboda gobara, a wurin bincike za a ƙwace. Shadda kuwa kin san halinta in ta kwana a akwati. A goge ta tun daga gida, a naɗe da takarda mai laushi tsakanin ninki, da kun shiga ɗaki ki rataye ta. Kasko da gawayi da turaren wuta ma ki bar su a gida, humra ta ishe ki.

Anti ta Karantina:
Alhaji ban ƙi taka ba, amma ni na shiga bara, a idona aka mayar da wani bawan Allah daga ƙofa saboda takalminsa. Kuma babbar riga a teburin nan? Kujeru a matse, masu hidima na kai da kawo da farantai, hannun riga na jan miya. Ya sa kaftani da hula da takalmi rufaffe, magana ta ƙare. Ke kuma ki riƙe mayafi mai kauri, sanyin na'urar ɗakin ba wasa ba ne, saman jirgi kuma iska sai ta tuge miki ɗankwali in ba ki sa fil ba.

Tsohon ma'aikacin jirgi:
Hajiya, ai da bakinki kika ce takalmi. Silifas ɗin wanka aka hana, ba riga ba. Dattijon da ya shekara talatin yana cin tuwon biki da babbar riga, ba a jirgi zai koyi saɓa hannunta a kafaɗa ba.

Maman 'yan biyu:
Na gode. Amma ku ba ku gane ba, ba na so a yi ta kallonsa kamar baƙon abu, masu hoto na zagayawa. Yaron nan so yake ya ga babansa ya saje da mutane. Kuma mai shagon ya ce ba a mayar da kaya, har an rage tsawon wandon.

Mai ɗinki a Shari Mansur:
Kwat da aka auna da kaftani ba zai zauna a kafaɗa ba, ko ya yarda ya sa. Wannan ne kullum abin da nake fama da shi. A kawo maka yadi saura kwana uku, ba mai kayan, sai tsohuwar riga a ce ka kwatanta. In bai yi daidai ba a bi gari da kai. Wata tun kafin Ramadan kuɗin leshi biyu ke hannunta, in na kira sai ta ce tana Madina.

Uwargida shiru:
Ke dai ki gode wa Allah. Ni shekara 12, ko bakin ruwan Kornish ba a taɓa kai ni don shan iska ba, sai dai in ga hoto a wayar maƙwabta. Da ni aka saya wa, ko buhu ya ce zai sa ba zan tanka ba. Allah ya shirya mana namu yaran kamar naki.

Ɗalibi daga Madina:
Mama, akwai hanya mai sauƙi. Kowane jirgi yana da wurin da mutum ke zuba abinci da kansa, can ba a tsananta shiga ko a daren gala. Ku ci a can ranar. Amma wata tambaya ta fi wannan girma: jirgin zai tsaya a Masar ko Aƙaba ta Jodan? In zai fita daga Saudiyya, ku masu iƙama, wato takardar izinin zama, sai da bizar fita da dawowa, kuma a duba ko bizar kaka, surukarki da ta zo Umara, ta yarda ta fita ta sake shigowa.

Tsohon ma'aikacin jirgi:
Yaro, ba a biya kuɗin nan don a ɓoye dattijo a wurin zuba-da-kanka ba. Daren ne ake fito da abincin da ya fi kyau. Ƙanwata, ki kira lambar da ke jikin takardar, ki tambaye su kai tsaye ko suna karɓar kayan ƙasa, amsar da na ba ki za su ba ki.

Hajiya Babba:
'Yata, zan faɗa miki abin da sauran suka kauce wa. Ba kwat ɗin ne ya ɓata masa rai ba. Kin je kasuwa kin yanke masa abin da zai sa ba ki tambaye shi ba, sai ya ji kamar kunyar shigarsa kuke ji, ke da ɗansa. Ki ba shi haƙuri, ki ɗauko shaddar da hannunki ki kai wankin.

Maman 'yan biyu:
Hajiya wallahi ban taɓa jin kunyarsa ba. Shekara nawa ni ke saya masa komai har safa, bai taɓa cewa don me ba, sai yau? Da na tambaye shi cewa zai yi a fasa tafiyar, na san halinsa. Na dai sa kwat ɗin a ƙasan akwati, ko Allah zai sa ya sauko in ya ga mutane. Yanzu ma wata ta taso, surukata ta ji an ce ana haɗa mutane da baƙi a tebur ɗaya, ta ce ita ba ta cin abinci gaban mazan da ba ta sani ba. Ana iya neman tebur na mu kaɗai?

Anti ta Karantina:
Ana iyawa, amma mu da muka nema sai a dare na biyu aka ba mu.

Ɗalibi daga Madina:
Mama, ba ki amsa maganar bizar kaka ba.