Kayan zuwa ofis ga mace mai jiki: wane yadi, wane ɗinki?

Ma'aikaciya daga Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma kwanan nan aka mayar da ni teburin karɓar abokan hulɗa, saboda haka yanzu kullum ina gaban jama'a, wani lokaci har a zauren taro tare da manya. Ni mace ce mai jiki, ƙirjina da ƙuguna a cike suke, damatsana masu kauri ne, tsayi kuma ba ni da shi sosai. Idan na sayi riga ɗinkakkiya wadda ta shiga ƙirjina, sai kafaɗarta ta zubo har kan damtse. Idan kuma na ɗauki wadda kafaɗarta ta zauna, maɓallan gaba ba sa haɗuwa. Teloli kuwa kashi biyu na gamu da su: mai matse ni har na kasa ɗaga hannu, da mai zuba mini yadi ya yi mini buhu da sunan sutura.

Abin da nake nema shi ne kayan da za su nuna ni a matsayin ma'aikaciya mai kamala, su rufe mini jiki yadda addini ya tanada, in iya shiga adaidaita sahu da su, in yi alwala da sallar azahar a ofis ba tare da wahala ba, kuma kada zafin Kano ya dafa ni a cikinsu. Wane yadi ya kamata in nema, kuma me zan ce wa tela? Waɗanda suka riga ni sanin hanya su taimaka mini.

Mai ɗinkin mata daga Kaduna ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗinki sana'ata ce, kuma yawancin masu kawo mini aiki ma'aikata ne, don haka zan fara da inda matsalar take, wato kafaɗa. Riga a kan kafaɗa take rataye, kuma ƙashin kafaɗar mace ba ya faɗaɗa daidai da yadda ƙirji da ƙugu suke cika. Masu ɗinka kayan kanti da yawa sukan ƙara faɗin ko'ina a lokaci guda idan lamba ta hau, shi ya sa rigar da ta shiga ƙirjinki take zubowa a kafaɗa. Tela ma yakan faɗa wannan kuskure idan ya auna ƙirji kaɗai ya yanka sauran da ka. Ki sa a auna miki kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, a kuma auna saman ƙirji ta ƙarƙashin hammata daban, sannan a auna cikar ƙirji daban. Da awon kafaɗa da na saman ƙirji ake yanka kafaɗa da wuya, da na cikar ƙirji kuma ake buɗe wa ƙirji wuri.

Abu na biyu shi ne ramin hannu. Mutane sun ɗauka idan aka zurfafa shi sosai mai jiki za ta sake, alhali akasin haka ne yake faruwa: idan ramin ya sauka ƙasa da hammata da yawa, duk lokacin da kika ɗaga hannu don ɗauko fayil sai rigar gaba ɗaya ta biyo ki sama. Abin da ake so shi ne ramin ya zauna kusa da hammata, shi kuma hannun a ba shi faɗi a damtse, a ƙara kamar inci 2 a kan awonki idan yadin ba ya miƙewa. Tun da kin ambaci alwala, ki ce a sa miki roba mai laushi ko maɓalli a bakin hannun, yadda zai naɗu ya wuce gwiwar hannu ba tare da kin tuɓe riga a banɗakin ofis ba.

Ranar da za ki je awo, ki sa rigar maman da za ki riƙa sawa zuwa aiki, domin ita ce ke tsayar da inda ƙirji zai zauna, kuma idan ta saki, babu ɗinkin da zai yi kyau a kanta. Bayan an auna ki a tsaye, ki nemi kujera ki zauna a sake auna ƙugu da ciki, saboda jiki yana bajewa idan an zauna, ke kuma a zaune kike yini. Siket ɗin da aka yanka da awon tsaye kaɗai shi ne wanda zif ɗinsa ke fashewa a bakin adaidaita sahu. Kuma don Allah kada ki haɗiye ciki lokacin da aka zagaya miki tef. Lambar da aka rubuta a littafin tela ba wanda zai gan ta sai shi.

Game da fasalin ɗinki, wanda na fi yi wa masu irin jikinki shi ne doguwar riga mai layin ɗinki biyu a gaba, waɗanda suke tasowa daga kafaɗa su bi ta kan ƙirji su sauka ƙasa, rigar ta ɗan shiga kaɗan a ƙarƙashin ƙirji sannan ta buɗe a hankali har idon sawu. Ba ta kama jiki, amma tana da tsari. Idan riga da siket kike so, rigar ta sauka ta wuce mafi faɗin ƙugu da ɗan tazara, kada ta tsaya daidai a kansa, siket ɗin kuma a yi shi mai falle shida ko takwas, a sa roba a bayan ƙugu kawai, gaba ya zauna sumul.

Atamfa turmi ɗaya yadi 6 ce, kuma ya ishe ki doguwar riga da ɗankwali, sai dai idan zanenta manya ne da ake buƙatar haɗa su su dace, to nan yadi yakan tafi a banza. Ki wanke ta ta bushe kafin ki kai ɗinki, don sitacinta ya fita, ta kuma gama tsukewar da za ta yi. Shafi shi ne abin da mutane ba sa lura da shi: sai a sayi atamfar auduga mai kyau, tela ya yi mata shafi da yadin roba mai sheƙi, mace ta yini tana gumi tana zargin atamfar. Ki sayi shafin auduga marar nauyi da kanki ki kai masa.

Wata lauya daga Abuja ta amsa:

'Yar uwa, Anti mai ɗinki ta gama magana a kan tela, ni kuma zan taɓo kayan kanti, tun da aikinmu ya ɗaure mu da baƙi da fari da kuma kwat a ranakun shiga kotu, dole muka koyi sayensu. Abu na farko shi ne kada ki yarda da lambar da ke jikin riga sai kin san ƙasar da aka ɗinka ta dominta. Lamba 18 ta Ingila ita ce wajen 46 a ƙidayar Turai, 20 kuma wajen 48, kuma kayan Turkiyya da ke shigowa kasuwanninmu da ƙidayar Turai suke zuwa. Lambar Amurka takan yi ƙasa da ta Ingila da kamar huɗu, wato 18 ta Ingila ita ce 14 a can. Kayan da ake yi don kasuwar Sin kuwa sukan zo ƙanana, har ki ga an rubuta XXL amma hannu bai wuce damtse ba. Saboda haka ni da tef nake zuwa Kasuwar Wuse, in shimfiɗa riga in auna daga hammata zuwa hammata, in ninka biyu, in kwatanta da awona. Masu sayarwa ta Instagram ma awon inci nake tambayarsu, wadda ta ce mini "zai yi miki, Hajiya" ba tare da lamba ba sai in wuce.

Abaya ma tana da nata tarkon. Lambobin nan 52, 54, 56, 58 da 60 tsawon abaya suke nufi da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗinta ba. Mace mai jiki marar tsayi takan sayi 60 don ta sami faɗi, sai ta ƙare tana share titi da ita. Ki nemi tsawonki, wataƙila 52 ko 54, sannan ki tambayi faɗin ƙirji daban, ko kuma ki sayi babbar ki kai a rage mata tsawo daga ƙasa idan ba a nan adonta yake ba.

Kwat kuwa ki saye ta saboda kafaɗa da damtse, ko da maɓallinta ba zai rufu ba, domin a buɗe za ki riƙa sa ta a kan doguwar riga mai launi ɗaya. Wadda ta sauka ƙasa da ƙugu ta fi gajeriya zama a jikinmu. Rage jikin kwat abu ne mai sauƙi a wajen tela, gyara kafaɗarta kuwa sai a warware ta kusan gaba ɗaya. Kada kuma ki raina gwanjo: ke da kike Kano, Kofar Wambai na kusa da ke, kuma manyan lambobi masu yadi mai kyau sukan fito a dila, sai dai a yi sammako a kuma yi haƙurin tonawa.

Malamar sakandare daga Zariya ta amsa:

Ni inda zan ɗan saɓa wa abin da aka saba faɗa shi ne batun launi. Duk mai jiki an taɓa ce mata ta riƙe baƙi don yana rage ta a ido, har wasu sun mayar da baƙar abaya kayan aikinsu na kullum. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, baƙin yadin roba azaba ne ga mai tsayuwa a gaban allo ko mai jiran abin hawa a rana, da hunturu kuma shi ne ya fi nuna ƙura. Abin da ke sa shiga ta yi tsari shi ne launi ɗaya ya sauka daga sama zuwa ƙasa ba tare da an yanke shi a tsakiya ba, ko da shuɗi mai duhu ne, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko kore mai duhu. Atamfa mai matsakaicin zane ma tana yin kyau ƙwarai. Wadda nake gudu ita ce mai ƙaton fure guda, domin ba ki san inda almakashin tela zai ajiye shi ba, sau da yawa kuma a kan ciki ko mazaunai yake sauka.

Mayafi ma yana cikin lissafi. Gyale mai kauri da aka naɗa sau biyu a wuya yana ƙara cika sama, ya haɗe wuya da ƙirji, ga zafi. Mai laushi marar santsi, wanda aka kama da fil a kafaɗa ɗaya aka bar shi ya sauka ya rufe ƙirji, ya fi sutura kuma ba ya hana hannu aiki.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa, wato gogar cinyoyi lokacin zafi, wadda takan kai ga saɓulewar fata. Maganinta wandon ciki na auduga mai ɗan miƙewa wanda ya kai kusa da gwiwa. Bel ɗin matse ciki kuwa ban ba ki shawarar yini da shi a ofis ba. Mai zama tun safe har la'asar da shi tana fama da ƙwannafi da ƙuntatar numfashi, ruku'u da sujada ma su zame mata aiki.

Ma'aikaciya daga Kano ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai, musamman batun awon zaune da lambar abaya. Anti mai ɗinki, sauran tambaya ɗaya: jikina yana hawa yana sauka, musamman bayan azumi, kuma albashi ba zai ɗauki sabon ɗinki kowane lokaci ba. Ta yaya zan fara ba tare da na yi asarar yadi mai tsada a hannun telan da ban gwada ba?

Mai ɗinkin mata daga Kaduna ta sake amsawa:

Amin ƙanwata. Kada ki fara da atamfarki mai tsada. Ki shiga Kantin Kwari ki yanko yadi mai araha wanda nauyinsa ya yi kusa da na wanda kike niyya, ki ba tela ya ɗinka miki riga ɗaya ta gwaji. Ranar karɓa ki sa ta a shagon, ki zauna, ki miƙa hannu gaba kamar mai rubutu a kwamfuta, ki ɗaga su sama, ki sunkuya. Inda yadi ya ja ya yi layi a kwance, wurin ya matse; inda ya tattaru ya yi ninki a tsaye, ya yi yawa. Ki je aiki da ita yini guda kafin ki yanke hukunci, sannan ki mayar a gyara. Idan ta zauna, ita ce za ta zama samfurinki, duk wanda zai yi miki ɗinki nan gaba ki haɗa masa da ita.

Saboda hawa da saukar jiki, ki ce a bar miki rarar yadi inci 1 zuwa 1 da rabi a cikin kowane gefe, kada a datse shi bayan an ɗinke, kuma a ɗinke shafin daban da rigar a gefunan don buɗewa ta yi sauƙi. Siriryar igiya a bayan doguwar riga, wadda za ki ɗaure ko ki sassauta, tana ɗauke bambancin da azumi ke kawowa ba tare da an taɓa almakashi ba. Ki fara da dogayen riguna biyu masu launi ɗaya ɗaya, da siket mai duhu guda, da riguna biyu da za su hau kansa, sai kwat ko buɗaɗɗiyar abaya guda da za ta shiga da dukkansu; atamfa ko shadda ki bar wa Juma'a. Kuma ki kai ɗinkin yanzu, kada ki bari sai Sallah ta matso, domin a lokacin babu telan da zai tsaya ya auna ki sau biyu.