Bankwanan da Aka Sayar da Tikitinsa

Ɗan Ƙofar Soro:
Jama'a, yau kundin waƙoƙi mai suna American Dream na ƙungiyar mawaƙa LCD Soundsystem, 'yan birnin Niyok, za mu taɓa. Jagoransu James Murphy ya yi wasan bankwana a 2011 a babban zauren Madison Square Garden, sai kuma ya dawo. Salonsu dance-punk, wato kaushin jita a kan kiɗan rawa. Amsa-amo "wa" ne, kar wanda ya kauce.

Na buɗe fage da sallama, 'yan'uwa,
James Murphy ne ya dawo da rerawa,
Satumbar 2017 kundin ya yi fitowa,
Mujallar kiɗa Billboard ta sa shi na ɗaya, ba musawa,
Masu sharhi kuwa kowa sai yabawa.

'Yar Kusugu:
Yaya, dakata, kana saurin wucewa,
A 2011 wa ya ce ya kai ga gamawa?
Madison Square Garden ba wurin tsayawa,
Kusan awa huɗu ana hawaye ana rawa,
'Yan bayan fage sun sa tikiti hauhawa,
Wasu daga nesa suka sha wuyar zuwa,
Don an ce daga yau ba sauran haɗuwa.
Shekara biyar, sai ga mutum yana dawowa!
Walimar tafiya ya ci, ya fasa tafiya,
Na karya amon da gangan, raina ke tafasawa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Ƙanwata, ai bai dawo a ɓoye ba kuwa,
Janairun 2016 ya yi dogon rubutawa,
Ya ce ya san akwai masu jin an ci amana,
(ni ma na kauce, mun yi kunnen doki)
Waƙarsa Tonite ta ci kyautar Grammy a 2018, sai jinjinawa.

Na Bakin Tasha:
Ku bar batun kyauta, ku zo ga saurarawa.
Na sa shi a rumfar caji, rana na faɗuwa,
Ganga na tafe tsaf, ba ta karkacewa,
Jitar bes na gurnani, sifika na girgizawa,
Mai shayi da cokali yana ta ƙwanƙwasawa,
Wani ɗan acaɓa ya gaji da jirawa,
Ya ce, "Malam, yaushe mawaƙin zai farawa?"
Waƙar ƙarshe minti goma sha biyu take ɗaukewa,
Mawaƙi David Bowie ake wa makoki, ba ta rawa ba ce kuwa,
Muryar ta yi sanyi, tsufa yake tunawa.
Ni dai wannan ta fi min duk na takawa.

Baban Gobarau:
Yarana, na ji ku, ga tawa gudummawa.
Mai sharhi kunne ya kawo wurin aunawa,
Bai sayi tikitin bankwana ba, me zai rasawa?
Masoyi kuɗi da hawaye ya yi zubawa,
Kundi ko ya yi daɗi, bashin bai gogewa.
Shata namu har 1999 yana fafatawa,
Ajali ya tsai da shi, kowa na shaidawa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Baba, Allah ya ja kwana, amma ina tambayawa:
In ya zauna shiru don gudun zargin jama'a,
Waƙoƙi goman nan wa zai ba mu su kuwa?

'Yar Kusugu:
Yaya, ya yi waƙarsa, ba ni da hanawa,
Kundin na wayata, kullum ina kunnawa,
Amma ran da ya sake shelar rabuwa,
Kai za ka sayi tikitin, ni ba ni zuwa.