Mai sharhin fim ne ya dace ya zaɓi fina-finan biki?

Malamin makaranta, Ringim: Wai mai sharhin fim bai cancanci zaɓen abin da za a haska a bikin fina-finai da za a yi a filin makarantar firamare ba, tunda bai taɓa riƙe kyamara ba. Ban yarda ba. A bikin fina-finai na birnin Kan (Cannes) da ke Faransa akwai sashen da masu sharhi ke zaɓa wa fina-finai tun 1962, kuma fim na farko ko na biyu na darakta kaɗai suke ɗauka. Ido ake nema a nan.

Mai gidan kallo, Ɗambatta: Malam, Allah ya ƙara sani, amma Kan daban, filin firamare daban. Mai sharhi yana kallo ne shi kaɗai a waya. Mai tsara biki kuwa daren yake lissafawa: daga bayan Isha zuwa sha ɗaya, ka cire taruwar jama'a, da ƙyar ka samu awa biyu da rabi. Gajeren fim ɗaya a fara da shi, sai babba ɗaya. Ka sa manya biyu, rabin fili ya watse kafin na biyun ya kai tsakiya. Fim ɗin da sai an karanta fassara a ƙasa, na baya ba sa gani, dattawa ba sa bi.

Mai haɗa sauti, Kazaure: Alhaji ya manta gwaji. Kwana biyu kafin biki a kunna kowane fim a kan majigin da lasifikar da za a yi aiki da su. Sau da yawa kiɗa ke danne magana, abin da ba a ji a waya. Janareto a kai shi bayan katanga, a sa sitabilaiza, in ba haka ba wuta ta yi rawa ta ƙone majigin.

Malamin makaranta, Ringim: Duk wannan a mako guda ake koyonsa. Gane labari mai ƙashi fa?

Ma'aikaciyar rediyo, Bichi: Malam, matsalar ba nan take ba. Wanda ya riga ya yabi fim a rubuce, ko ya caccake shi, ya zama mai ɓangare. Mutum uku su kalla kowa daban, su ba da maki, mai alaƙa da furodusa ya janye. Sannan takardu: izinin furodusa a rubuce, da shaidar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001. Babu su, ko dagaci ya ba da fili ana iya tsayar da ku.

Mai gidan kallo, Ɗambatta: Kuma kada a sa bikin a damina, Hajiya. Allon ƙyalle ba ya jure iskar hadari.