Shawarwari a zaure: littattafan da jaruminsu ba ɗan Adam ba ne

Malama Hadiza, Mabera: Assalamu alaikum, 'yan uwa. A hutun nan na gama karanta Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, wanda ya fito a 2021, kuma har yanzu labarin bai sake ni ba. Mai ba da labarin mutum-mutumi ce da aka ƙera domin ta zama abokiyar hirar yara, hasken rana ne abincinta, saboda haka ta ɗauka cewa duk wani alheri daga rana yake fitowa. Da Josie, yarinyar da aka saya mata ita, ta kwanta rashin lafiya, sai Klara ta tafi wani rumbu a bakin gona inda take zaton nan ne rana ke sauka ta huta, ta roƙe ta ta warkar da yarinyar. Na karanta wannan wurin ne da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da kowa a Sakkwato ke neman inuwa, ga wata halitta kuma tana ƙidaya kowane ɗigon haske da ya faɗo mata a matsayin kyauta. Ina roƙon shawararku game da littattafan da jaruminsu ba mutum ba ne, ko na'ura, ko dabba, ko wata halitta dabam, musamman waɗanda marubucin ya bar halittar ta yi tunani irin nata.

Malam Nasiru, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da All Systems Red na Martha Wells, wanda ya fito a 2017 ya kuma ci lambobin yabo na Hugo da Nebula. Gajere ne, za ki iya gama shi a dare biyu. Mai labarin wata halitta ce da aka haɗa da ƙarfe da tsoka, kamfani yana ba da hayarta domin gadin masu bincike a wata duniyar. A cikin kanta akwai wani linzami da ke azabtar da ita in ta saɓa umarni, sai ta lalata shi a ɓoye, kuma da ta sami 'yancin ba ta kashe kowa ba, ta ci gaba da aikin gadin tana kallon wasannin kwaikwayo masu dogon zango a asirce. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda ba ta son a kalli fuskarta, da yadda take firgita in shugabar masu binciken, Dakta Mensah, ta yi mata magana kamar mutum. Wanda bai saba a tambaye shi abin da yake so ba, ranar da aka fara tambayarsa ba daɗi yake ji ba, tsoro yake ji.

Akwai kuma wata matsala da za ki ci karo da ita in kin tashi ba wani labarin da Hausa. Halittar ba namiji ba ce, ba mace ba ce, kuma ita kanta ba ta yarda a kira ta da ɗayan biyun ba. Ga shi tun ɗazu ina cewa "ita", alhali in na fara da kalmar mutum-mutumi sai bakina ya koma "shi". Harshenmu ba ya barin ka ambaci abu guda ba tare da ka ba shi jinsi ba.

Malam Shehu, Ƙofar Marke: Ni ma na karanta littafin Ishiguro, amma zan faɗi gaskiya, wurin roƙon ranar bai kwanta mini ba. Na san ƙagaggen labari ne, duk da haka ban ji daɗin ganin an kai buƙata ga abin halitta ba, kuma labarin ya tafi kamar roƙon ya karɓu.

Malama Hadiza, Mabera: Na fahimci damuwarka, Malam Shehu, kuma ni ma na tsaya a wurin. Yadda na ɗauke shi shi ne, Klara ba ta da wanda ya koya mata komai game da Mahalicci, iliminta bai wuce abin da ta gani ta tagar kanti ba, shi ya sa ta jingina jinƙai ga abin da ke ba ta ƙarfi. Mai karatu ya san ta yi kuskure, kuma sanin nan ne ke sa tausayinta ya kama shi. Amma na yarda littafi ne da ba zan miƙa wa ƙaramin yaro ba sai na zauna mun tattauna.

Baba Malam Umaru, Rijiyar Ɗorowa: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan hira. Ina so in tuna muku cewa wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Wane ne jarumin Magana Jari Ce na Abubakar Imam in ba Aku ba? Shi ne ya riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labari bayan labari domin kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri, har daga baya shi kansa aka naɗa shi Waziri. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta mai suna Kolin Koliyo ta ɗauki yaro Kilba ta yi yawo da shi a sararin samaniya. Mun karantar da waɗannan a aji shekara da shekaru. Wanda yake karatun Larabci kuma, ya nemi Kalila wa Dimna da Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, wanda diloli biyu ne suka ba shi suna.

Zainab, Dundaye: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ɗan saɓa, ba don raina waɗannan littattafan ba, domin da su muka tashi. A ganina Aku waziri ne mai fuka-fuki. Hikimarsa ta fadawa ce, tsoronsa na fadawa ne, in aka cire masa gashin aka sa masa rawani labarin ba zai canja sosai ba. Haka Gizo na tatsuniya, maƙwabcinmu ne mai wayo da haɗama wanda aka ara wa sunan ƙwaro. Abin da Anti Hadiza ke nema, in na fahimce ta, shi ne halittar da jikinta ke yanke mata yadda za ta ga duniya.

Saboda haka shawarata ita ce Children of Time na Adrian Tchaikovsky, na 2015, wanda ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2016. Wata masaniya mai suna Avrana Kern ta shirya sakin birai a wata sabuwar duniya tare da wata ƙirƙirarriyar ƙwayar cuta da za ta riƙa kaifafa basirarsu daga zuriya zuwa zuriya. Biran suka halaka kafin su sauka, ƙwayar ta kama gizo-gizo. Nau'in da marubucin ya zaɓa akwai shi da gaske, Portia labiata, ɗan ƙaramin gizo-gizo mai tsalle wanda ke farautar 'yan uwansa da dabara. A littafin ba su da murya, da bugun ƙafa a kan zare da motsin ƙananan gaɓoɓin gaban baki suke magana. Ba su fara ci gabansu da wuta da ƙarfe ba, da saƙa da haɗa sinadari suka fara, har suka gano yadda za su sarrafa tururuwa ta hanyar ƙamshi, suka mayar da gidan tururuwa ya zama musu kamar kwamfuta. Matan ne manya kuma su ke mulki, namiji kuwa ana iya cinye shi bayan barbara ba wanda zai ce uffan, har sai da wani mai suna Fabian ya tashi yana neman a haramta hakan. Ni da nake karatun likitan dabbobi na sha tsayawa ina duba ko marubucin ya yi wa halittar ƙarya, sai in ga daga ainihin ɗabi'arta ya gina komai. Tun ina yarinya nake share yanar gizo daga kusurwar ɗaki ba tare da na kalle ta ba, amma ranar da na gama littafin sai da na tsaya na daɗe ina duban wadda ke bayan ƙofarmu. Aibinsa guda biyu ne, ya kai shafi 600, kuma babobin da ke bin mutanen Gilgamesh, jirgin sararin samaniya da ke ɗauke da ragowar 'yan Adam, ba su kai na gizo-gizon armashi ba.

Baba Malam Umaru, Rijiyar Ɗorowa: 'Yata Zainabu, kin yi magana mai ma'ana, kuma game da Aku na sallama miki. Amma kada ki yi gaggawar yanke wa magabata hukunci gaba ɗaya. A cikin risalolin wata ƙungiyar masana da ake kira Ikhwanus Safa, waɗanda aka rubuta a Basra wajen ƙarni na 10, akwai wadda dabbobi suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljanu. A can jaki ba wazirin kowa ba ne, yana magana ne a kan kayan da ake labta masa da sandar da ake dukansa da ita. Rago yana ba da labarin yadda ake raba shi da 'ya'yansa, sa yana ba da labarin karkiya a wuyansa, raƙumi yana ba da labarin igiyar da aka zura masa a hanci. Mutane suna kawo hujjar fifikonsu ɗaya bayan ɗaya, da kyan sura da sana'a da sarauta, dabbobin suna rushe ta. A ƙarshe mutum ne ya yi rinjaye, amma bai yi shi da arha ba. Bayan na karanta ta a ƙuruciyata, na daɗe ban iya wuce jakunan da ke ɗaukar yashi a bakin gulbi ba tare da na dubi gyambon bayansu ba.

Zainab, Dundaye: Na karɓi gyara, Baba, ban san da wannan ba. In akwai wanda ke da ita da Larabci ko da Turanci ina so in ara.

Malam Nasiru, Runjin Sambo: Tunda maganar jinsi ta taso, akwai Ancillary Justice na Ann Leckie, na 2013. Breq, mai ba da labarin, a da ita ce ƙwaƙwalwar wani katafaren jirgin yaƙi, tana gani da idanun jikkuna masu yawa a lokaci guda, sai aka hallaka jirgin ta rage a jiki ɗaya tak. Harshen daularsu ba ya bambanta mace da namiji, shi ya sa take kiran kowa "ita". Ni na ji daɗinsa, amma wani abokina ya ajiye shi tun bai yi nisa ba, ya ce ya kasa gane wa ke magana da wa. Ba zan ce a fara da shi ba.

Hajiya Asma'u, Gawon Nama: Malama Hadiza, in har kina tunanin ɗalibanki ma, ni Watership Down na Richard Adams zan ambata, na 1972. Asalinsa labari ne da yake ba 'ya'yansa mata a mota, suka matsa masa ya rubuta. Zomaye ne suka bar raminsu saboda ƙaraminsu, Fiver, ya hango filin ya cika da jini, ɗan uwansa Hazel ya jagorance su neman sabon mazauni. Ba sa sa tufafi, ba sa riƙe makami, ƙidayarsu ma ba ta wuce huɗu ba, duk abin da ya ɗara haka sunansa "da yawa". Suna da gwarzon tatsuniyarsu mai wayo, El-ahrairah, wanda duk ɗan Hausa zai gane a matsayin Gizonsu. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda suka isa wani rami na zomaye masu ƙiba da sheƙi, waɗanda manomi ke zuba wa karas yana kuma ɗana musu tarko a kewaye. Mazauna ramin sun san da haka, sun zaɓi abincin, suka kafa wa kansu doka cewa ba a tambayar inda wane ya tafi. Na karanta wa 'ya'yana shi da daddare ina mayar musu da Hausa, kuma da muka zo nan babbar ta tambaye ni me ya sa ba su gudu ba, muka kwashe sauran daren a kan wannan tambaya. Sai dai akwai faɗa da jini a ciki, bai dace da 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ganina.

Malam Shehu, Ƙofar Marke: Wanda ke son na kusa da gida, Lagoon na Nnedi Okorafor, na 2014, a Legas yake faruwa, kuma wata kifanya mai dogon baki kamar takobi ce ta buɗe shi, tana kai wa bututun mai hari saboda ya ɓata mata ruwa. Jaruman da suka biyo baya mutane ne tare da wata baƙuwa daga sararin samaniya, kuma akwai kalamai masu kaushi a ciki, don haka na manya ne. Shi kuma The Golem and the Jinni na Helene Wecker, na 2013, labarin wata mace ce da aka gina da yumɓu, da kuma wani aljani da maƙeri ya saki daga cikin tulun tagulla a birnin New York a 1899. Rubutun yana da kyau ƙwarai, amma aljanin na marubuciyar ne, kada a shiga da zaton za a tarar da abin da muka karanta a littattafan addini.

Malama Hadiza, Mabera: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na Malam Nasiru saboda gajartarsa, sannan in shiga na gizo-gizon a dogon hutu, na zomayen kuma zan karanta shi ni kaɗai tukuna kafin in kai shi aji. Baba, tsohon kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya da ke gidanmu ya rasa shafukan ƙarshe, ko naka yana nan cikakke?

Baba Malam Umaru, Rijiyar Ɗorowa: Yana nan, sai dai bangon ya saki, a riƙe shi da hankali. Ki aiko ranar Asabar bayan la'asar. Zainabu kuma, risalar tana cikin kundin Larabcin da ke wurina, amma ba na barin wannan ya fita gida, sai dai ki zo ki karanta a nan zaure, inda kalma ta yi miki tsauri in warware miki.

Zainab, Dundaye: To Baba, zan zo in Allah ya yarda. Anti Hadiza, sai mu haɗu a can in kawo miki Children of Time, yana hannun wata ƙawata amma ta kai babin ƙarshe.