Wace kalma za mu ba iskar da ke tura samfuri a na'urar kiromatogirafi?

Ɗalibar kimiyya, Jidda:
Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan gabatar da darasi da Hausa ga ƙannenmu masu shirin shiga jami'a, kuma na rasa sunan abin da littattafan Larabci ke kira al-gazul hamil, wato iskar da ke tura samfuri cikin siririn bututun na'ura har sinadaransa su fito ɗaya bayan ɗaya.

Malamin sakandare, Madina:
Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce "iskar dako", domin ɗan dako yana kai kaya inda aka aike shi ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba, kuma sharaɗin wannan iska ke nan. Shi ya sa ake zaɓen hiliyam ko naitirojin ko haidirojin, ana neman tsabtarsu ta kai kashi 99.999 cikin ɗari, tunda oksijin ko danshi, komai ƙanƙantarsa, yana lalata rufin cikin bututun idan ya ɗauki zafi.

Dattijo, Makka:
Malam, "dako" kalmar kasuwa ce, ba ta dace da ɗakin ilimi ba. Na daɗe ina cewa "iskar rakiya". Abin da ya fi damuna kuwa shi ne "kiromatogirafi" ɗin nan, alhali muna iya cewa "rarrabe launi". Jikokinmu da aka haifa a nan sun riga sun koma Larabci, ga shi kuma muna ƙara musu hujjar cewa Hausa ba ta da kalmomin ilimi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Yanbu:
Baba, Allah ya ƙara girma. "Rarrabe launi" ya dace da aikin Tsvet, Barashen da ya raba launukan ganye a farkon ƙarni na 20, amma na'urar mai aiki da iska da masana kimiyya 'yan Birtaniya, James da Martin, suka gabatar a 1952 ba launi take nunawa ba. Ɗan rakiya kuma bin tafiya yake yi, ita kuwa iskar nan ita ke ƙayyade saurin tafiyar. Naitirojin yana da araha, sai dai rabuwar ba ta yin kyau sai an tafi a hankali. Haidirojin ya fi sauri, amma yana iya kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin ɗari a iskar ɗaki. Hiliyam ba ya cin wuta, tsadarsa ce ke takura mana, duk da cewa maƙwabciyarmu Katar na cikin manyan masu samar da shi.

Dattijo, Makka:
Na ji bayaninka, ɗana, amma Balarabe bai tsaya tantance wannan ba kafin ya sa wa abin suna da harshensa, kuma babu wanda ya raina shi. Ku yi da "dako" a darasin nan, ni dai ban janye "rarrabe launi" ba.

Ɗalibar kimiyya, Jidda:
Na gode, Baba. Zan rubuta "iskar dako" tare da kalmar Larabcin a gefenta, sunan na'urar kuma zan bar shi yadda yake har ku daidaita.